AWON JAN ƘASA: ABIN DA YA KE GAYA WA MAI NEMAN RUWA

Kowace shekara, da kaka ta wuce aka shiga noman rani, maganar ruwa ita ce a gaba a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Mai rake yana son ruwa, mai tumatir da albasa da tattasai haka, ga kuma shan mutane da na dabbobi. Sau da yawa a kan ga mutum ya sayar da amfaninsa, ko ƙauye ya yi karo-karo, an kira magina rijiya. A yi ta haƙa har gaba biyar ko shida, sai diga ta ci karo da dutse. Kuɗi sun tafi, ruwa babu. Maƙwabcinsa kuwa, wanda tsakaninsu bai fi taki ɗari biyu ba, ya yi gaba goma cikin ƙasa mai laushi, ya sami ruwan da ba ya ƙafewa ko da bazara.

Masana suna da hanyoyi na leƙen ƙarƙashin ƙasa tun ba a kafa diga ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce awon jan ƙasa. Ya kamata manomi ya san abin da wannan awo ke iyawa, ya kuma san inda iyawarsa ta tsaya, don kada ya raina shi, kada kuma wani ya ci kuɗinsa da sunansa.

YADDA ƘARƘASHIN ƘASAR ZAZZAU YA KE

Duk arewacin Zazzau a kan dutse ya ke zaune. Kufena da sauran duwatsun da a ke gani kusa da Zariya ƙoƙon kan wannan dutse ne ya leƙo waje. Sauran jikinsa yana binne a ƙarƙashin gonaki. In aka haƙa rijiya, da fari a kan sami ƙasar noma, sa'an nan marmara, sa'an nan jan yumɓu. A ƙarƙashin yumɓun sai ruɓaɓɓen dutse, wanda ke marmashewa a hannu kamar tsaki. Daga shi sai dutse mai tsaga-tsaga, daga nan sai ɗanyen dutse, wanda ba ya riƙe ruwa ko kaɗan.

Ruwan damina da ya nutse, cikin ruɓaɓɓen dutsen nan da tsagogin da ke ƙarƙashinsa ya ke taruwa. To, amma bayan ɗanyen dutse ba shimfiɗe ya ke bai ɗaya ba. Kamar gonar da aka yi wa huɗa ya ke, ga kunya ga kwari. Wanda rijiyarsa ta faɗa kan kunya zai tarar da dutse da wuri. Wanda tasa ta faɗa cikin kwari, inda ruɓewa ta yi zurfi, shi ke samun ruwa. A yawancin ƙasar Sakkwato da Borno abin ba haka ya ke ba, gama can rairayi ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa mil da yawa. A nan kuwa sai an nemi kwarin. Aikin mai bincike ke nan: ya gano inda kwarin ya ke, da zurfinsa.

ƘASA TANA JA

Kowa ya san in aka saki dutse ƙasa zai faɗi. A shekarar 1687 wani malami mutumin Ingila, Niyuton, ya bayyana cewa kowane abu yana jan ɗan'uwansa, kuma gwargwadon nauyin abu da kusancinsa gwargwadon ƙarfin jansa. Wannan ja daban ya ke da na maganaɗisu, wanda ƙarfe ya ke kamawa. Shi jan ƙasa ba ya zaɓe, yana jan ƙarfe da itace da ruwa da mutum.

Ƙarfinsa kuwa ba ɗaya ne ko'ina ba. A 1672 wani Bafaranshe, Jean Richer, ya ɗauki agogo mai lilo daga birnin Faris zuwa Kayen a Amurka ta Kudu, sai ya ga agogon yana latti wajen minti biyu da rabi kowace rana. Agogon lafiyarsa ƙalau; jan ƙasa ne ya fi rauni a can, lilon ya rage sauri.

Tun da haka ne, in mutum ya tsaya a kan ɗanyen dutse mai nauyi, ƙasa za ta ja shi fiye da in ya tsaya a kan kwarin da ke cike da ƙasa mai sakwa-sakwa. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, jiki ba ya ji, amma na'ura tana ji.

MUDU DA SIKELI

Ɗan kasuwa ya san mudun gero ya fi mudun dusa nauyi, ko da ya ke mudun ɗaya ne. Haka duwatsu su ke. Masana su kan gwada nauyin mudun kowane abu da na mudun ruwa. In aka ce mudun ruwa 1 ne, to, mudun ɗanyen dutse wajen 2.7 ne, watau ya kusa ninka ruwa sau uku. Ruɓaɓɓen dutse da yumɓu da marmara su kan tsaya wajen 2, wani ya ɗara kaɗan, wani ya gaza. Wannan nauyin mudu shi ne ainihin abin da mai bincike ke son ya sani game da abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Na'urar awon ɗan akwati ce da mutum ɗaya ke ɗauka. Dabararta irin ta sikelin ƙugiya ce da a ke auna nama ko auduga: wani ɗan ƙarfe ne rataye jikin sifirin mai laushi. Inda jan ƙasa ya yi ƙarfi sifirin ya ƙara miƙewa, inda ya yi rauni ya ɗan koma. Ma'aunin da a ke ƙirga da shi sunansa miligal, an samo shi daga sunan Galiliyo, masani mutumin Italiya. Jan ƙasa a wajajen Zariya ya kai wajen miligal 978,000, na'ura mai kyau kuwa tana gane canjin kashi ɗaya cikin ɗari na miligal guda. Misalinsa kamar a ɗora buhu 1,000 na masara a kan sikeli, a zare ƙwaya uku ko huɗu, sikelin ya nuna an taɓa.

Ga abin da a ke nema. In akwai kwari mai faɗi na ruɓaɓɓen dutse, zurfinsa mita 30, watau gaba 16 da ɗoriya, nauyin mudunsa 2.1, dutsen da ke kewaye da shi kuwa 2.7, to jan ƙasa a kansa zai ragu da kashi uku cikin huɗu na miligal ɗaya. Wannan ɗan ragin shi a ke bi gona gona a na farauta.

ABUBUWAN DA KE RUƊA AWO

Ba kwarin kaɗai ke canza jan ƙasa ba. Akwai waɗansu abubuwa da sai an ɗebe su daga lissafi tukuna.

Na fari tsayin wuri. Duk mita ɗaya da aka hau sama, jan ƙasa ya kan ragu da kusan sulusin miligal, domin an ƙara nisa da cibiyar duniya. Shi ya sa safiyo ke bin mai awo, yana auna tsayin kowane turke. In aka yi kuskuren mita huɗu wajen tsayi, ya isa ya shafe alamar kwarin nan gaba ɗaya.

Na biyu, a wannan yanki, duk kilomita ɗaya da aka matsa arewa jan ƙasa ya kan ƙaru da kusan kashi uku cikin goma na miligal. Na uku, rana da wata su ma suna ja, jansu kuwa yana hawa yana sauka cikin yini. Na huɗu, sifirin kansa yana saki a hankali. Saboda waɗannan biyun ne a ke ganin mai awo yana komawa turken farko bayan awa ɗaya ko biyu ya sake aunawa. Ba mantuwa ya yi ba.

Na biyar shi ne mai wuya. In turke yana kan tudu, tudun kansa yana ja, dole a ɗebe jansa. Wannan gyara a na kiransa da sunan Pierre Bouguer, Bafaranshen da ya auna jan wani babban dutse a Amurka ta Kudu a 1738. To, ba a iya ɗebe jan tudu sai an san nauyin mudunsa, alhali kuwa nauyin mudun shi a ke nema tun farko. Bisa al'ada a kan ɗauki 2.67. Amma a ce tudun marmara ne mai tsayin mita 20, nauyin mudunsa 2, aka yi masa lissafi da 2.67, kuskuren zai haura rabin miligal. Takarda za ta nuna kamar akwai kwari a ƙarƙashin tudun, a kawo injin haƙa, a tarar da dutse.

BUHU A ƊAURE

Ko an gama duk gyare-gyaren nan, akwai sauran magana. In aka kawo wa ɗan kasuwa buhu a ɗaure aka ɗora a sikeli, zai san nauyinsa, amma sikeli ba zai gaya masa gero nawa ne a ciki, dusa nawa, tsakuwa nawa ba. Sai ya soka buhun ya gani.

Haka awon jan ƙasa ya ke. Ragin nan na kashi uku cikin huɗu na miligal, kwari mai zurfin mita 30 da nauyin mudu 2.1 zai ba da shi. Kwari mai zurfin mita 60 da nauyin mudu 2.4 shi ma daidai wannan zai bayar, ba ragi ba ƙari. Na'ura ba ta iya raba su. Ga mai biyan kuɗin haƙa kuwa, tsakanin gaba 16 da gaba 33 akwai tazara mai yawa. Saboda haka zurfin da mai bincike ya faɗa ya dogara ne kacokan a kan nauyin mudun da ya ɗauka. In ya ɗauki daidai, zurfi ya fito daidai. In ya kuskure, duk abin da aka gina a kai ya karkace.

YADDA A KE SOKA BUHUN

Akwai hanyoyi huɗu da a ke bi a san nauyin mudun duwatsun wuri.

Ta fari, a tsinci duwatsun a auna su. A auna dutse a sarari, sa'an nan a rataye shi da zare cikin ruwa a sake aunawa. In ya yi giram 270 a sarari, ya yi 170 cikin ruwa, ya rasa 100 ke nan. A raba 270 da 100, a sami 2.7. Ko ɗan makaranta zai iya. Illarta ita ce dutsen da ke sama rana da ruwa sun ci shi, ba lalle ya zama daidai da na ƙasa ba.

Ta biyu, wani masani na Amurka, Nettleton, ya bayyana ta a 1939. A jera turaku a haye wani tudu daga wannan gindi zuwa wancan, a auna kowanne. Sa'an nan a yi lissafin sau da yawa, yau da 2, gobe da 2.2, jibi da 2.4, har zuwa sama. In lambar da aka ɗauka ta gaza, zanen da lissafi ya fitar zai yi tozo kamar tudun. In ta yi yawa, zanen zai lotsa kamar kwano. Lambar da ta sa siffar tudun ta ɓace daga zanen, ita ce nauyin mudunsa. Tudun ke nan ya auna kansa.

Ta uku ita ce rijiyoyin da aka riga aka haƙa. In an san cewa a rijiyar kasuwa an tarar da dutse a gaba goma sha biyu, a ta bakin masallaci kuwa a gaba bakwai, sai a auna jan ƙasa a bakin kowacce. Tun da an san zurfi, lissafi zai fitar da nauyin mudu, a ɗauke shi a yi aiki da shi a inda ba a taɓa haƙawa ba. Wannan hanya ta fi sauran amfani ga mai neman ruwa, kuma a nan ne ilmin tsofaffin magina rijiya ke shiga.

Ta huɗu aikin kwamfuta ne. Mai bincike ya zana siffar ƙarƙashin ƙasa yadda ya ke zato, ya ba kowane sashi nauyin mudunsa, kwamfuta ta lissafa jan da wannan siffa za ta bayar. A gwada da abin da aka auna a fili. In ba su dace ba a gyara siffar, a sake, har su dace. Amma dacewa ba shaida ce cewa siffar ita ce gaskiya ba, gama wata siffar dabam ma tana iya dacewa. Kwamfuta ba ta warware maganar buhu a ɗaure. Sauri kawai ta ke ƙara wa lissafi.

AN YI SHI A NAN KUSA

Kada a ɗauka wannan aikin ƙasashen waje ne kurum. Malama Deborah Ajakaiye, wadda ta sami digirin dakta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, ta yi shekaru tana auna jan ƙasa a kan duwatsun Arewa masu kuza. A 1968 ta buga bincikenta a kan duwatsun Riruwai, waɗanda ke kudancin Jihar Kano, inda aka daɗe a na haƙar kuza. A 1973 ita da Kevin Burke suka fitar da taswirar jan ƙasa ta Nijeriya. A 1974 kuma ita da J. F. Sweeney suka buga nasu a kan Dutsen Wai, kudu da Ikara, garin da ƙaramin jirgin ƙasan Zariya zuwa Jos ke bi kafin a rufe hanyar a 1957. A 1980 ta zama farfesa.

Abin da awonta ya nuna shi ne jan ƙasa yana raguwa a kan irin waɗannan duwatsu, domin mudunsu bai kai na tsohon dutsen da ke kewaye da su nauyi ba. Bambancin kaɗan ne, amma da ya ke jikinsu ya nutse ƙasa kilomita da dama, ragin ya taru ya yi yawa. Akwai darasi a nan ga mai neman ruwa: ba kowane ragi ne kwarin ruwa ba. Wani ragin babban dutse ne mara nauyi can ƙasa. Mai bincike ya kan raba su ta faɗi, gama abu mai zurfi alamarsa ta kan bazu mil da yawa, na kusa kuwa tasa a tsuke ta ke.

NA'URAR BA TA GANIN RUWA

Wannan ita ce maganar da ya kamata kowa ya riƙe. Awon jan ƙasa yana nuna inda ƙasa ta yi nauyi da inda ta yi sakwa-sakwa. Ko kwarin yana da ruwa ko busasshe ne, da ƙyar awo na yau da kullum zai faɗa. Ruwa zalla mai zurfin mita ɗaya, ya shimfiɗu ko'ina, jansa bai wuce kashi huɗu cikin ɗari na miligal ba. Har wa yau, kwarin da ke cike da yumɓu shi ma ba shi da nauyi, yana kuma riƙe da ruwa, amma ba ya sakinsa ga rijiya.

Saboda haka a irin wannan ƙasa, masu neman wurin rijiyar burtsatse sun fi aiki da awon lantarki, inda a ke kafa ƙarafa huɗu a ƙasa a tura wuta, a ga yadda ta ke ratsawa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi ɗanyen dutse barin wuta ta wuce. Shi awon jan ƙasa amfaninsa ya fi fitowa in yanki ne babba a ke so a san shimfiɗarsa. In an haɗa biyun, kowanne ya kan toshe gibin ɗan'uwansa.

Akwai dai inda a ke auna ruwa da jan ƙasa, amma daga sama. Daga 2002 zuwa 2017 Amurka da Jamus sun yi aiki da waɗansu taurarin ɗan'adam guda biyu masu bin juna, a na kiransu GRACE, aka kuma harba magadansu a 2018. Su ne suka nuna, a 2009, cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa a arewa maso yammacin Indiya yana raguwa saboda yawan ban-ruwa da inji. Sai dai idonsu yankuna ya ke gani masu faɗin ɗaruruwan kilomita, ba gonar mutum ɗaya ba. Abin da ya sami Indiya kuwa gargaɗi ne ga masu fadama: kwarin ruɓaɓɓen dutse tulu ne, abin da damina ta zuba a ciki shi a ke ɗiba.

ABIN DA MANOMI ZAI YI

1. In masu awo suka zo, a bar turakunsu inda suka kafa. Turke ɗaya da yaro ya tuge ya mai da wani wuri yana iya ɓata lissafin yini guda. A kuma janye dabbobi da babura daga kusa da na'urar lokacin awo, gama girgiza tana damunta.

2. A gaya musu labarin rijiyoyin gari duka: zurfin kowacce, a gaba nawa aka tarar da dutse, wacce ke ƙafewa da bazara, wacce ba ta ƙafewa. Rijiyoyin da suka mutu ma a nuna musu, gama labarinsu yana da amfani kamar na masu rai.

3. Duk wanda zai haƙa sabuwar rijiya, ya sa a rubuta irin ƙasar da a ke fitarwa gaba gaba. Malamin makaranta ko magatakardan dagaci ya ajiye littafin. Abin da aka rubuta bana zai hana wani hasara baɗi.

4. Kafin a biya kuɗin haƙa, a tambayi mai bincike da me ya gwada lissafinsa, ko ya duba rijiyoyin kusa, ko kuma ya haɗa da awon lantarki. A nemi ya ba da rahotonsa a rubuce.

5. Wanda ya ce na'urarsa ta ga ruwa ƙuru-ƙuru, ya rantse ba makawa, a yi hattara da shi. Mai gaskiya cewa zai yi nan ya fi can alama, ga kuma dalili.

Awo ba ya kawar da hasara ɗungum, amma yana rage ta, musamman in an haɗa shi da abin da mutanen gari suka sani na ƙasarsu. Masu karo-karon rijiya a bana su fara da tattara labarin tsofaffin rijiyoyinsu, tun kafin a kira mai inji.